Baƙo Ya Kwana Cikin Tarihi, Ɗan Gari Ya Kwana Ina?

 Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa, wani zai ce ta yi mana nisa, domin a Amurka ta faro, kuma a kan wasu gidaje take waɗanda yawancinmu ba mu taɓa taka ƙofarsu ba. Muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci da kansa ko da nisa ko babu.

Kwanakin baya wani yayanmu, wanda ya gama karatu a nan 'yan shekarun da suka wuce, yanzu kuma yana aiki a wata ma'aikata, ya kawo mana ziyara bayan ya komo daga kwas na mako biyu a wani birni na Amurka. Muna zaune a gindin bishiya da yamma sai ya fito da wayarsa yana nuna mana hotunan masaukinsa. Ashe ba otal ya sauka ba. Wani makeken ɗaki ne a hawa na huɗu na wani tsohon gini a tsakiyar gari, bangonsa jan bulo ne ba shafe, rufinsa can sama, tagoginsa sun fi mutum tsawo, ga ginshiƙan ƙarfe tsaitsaye a tsakar ɗaki. Ya ce tallar da ya gani a intanet ta faɗi cewa ginin ya haura shekara ɗari, da can masana'anta ne, kuma in ka sauko ƙasa ba za ka yi tafiyar minti biyar ba sai ka tarar da gidajen abinci iri-iri da gidajen kiɗa waɗanda ba su rufewa sai dare ya raba. Ta waya ya biya, aka aiko masa da lambar buɗe ƙofa, ya shiga, ya ƙare kwanakinsa, har ya baro garin bai sa mai gidan a ido ba.

Muka yi ta santin hotuna. Can sai wata 'yar ajinmu ta ce, "Yaya, to kafin a fara saukar da baƙi, su wa ke zaune a ciki? Ina kuma suka koma?" Ya yi jim, ya ce, "Wallahi ƙanwata, ban tambaya ba." Ba mu ga laifinsa ba, gama da mu ne ma ba za mu tambaya ba. Baƙo ko yana da ido makaho ne. Amma tambayar ta tsaya mana a rai, har ta kai mu ga bincike, abin da muka samo kuwa shi ne muke son mu shimfiɗa a gabanku.

Irin wannan ɗaki Amurkawa suna ce da shi lof. Asalinsa ba wurin kwana ba ne. Hawa ne guda na benen masana'anta ko na sito, wanda aka bar shi fili ba a yanka shi ɗaki-ɗaki ba, don a sami wurin jera injuna da tara kaya. Bari mu kira shi benen sito. Unguwar da ta yi wa zaman benen sito suna a duniya ita ce Soho, a tsibirin Manhatan cikin birnin Nuyok. Yawancin gine-ginenta an yi su ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, da fuska ta zubin ƙarfe, saboda ƙarfen ya fi sassaƙaƙƙen dutse araha, kuma yana barin a fitar da manyan tagogi. Tagogin nan da baƙo ke tsayawa ɗaukar hoto a gabansu yau, an yi su ne don tela ya ga kafar allura ba tare da mai masana'anta ya kashe kuɗin fitila ba.

Wanda ke son sanin yadda rayuwa take a irin waɗannan benaye tun suna sababbi, ya tuna da ranar 25 ga Maris 1911, watau shekarar da layin dogo ya iso Kano. A ranar gobara ta tashi a masana'antar ɗinka rigunan mata ta Triangle, wadda ke hawa na 8 da na 9 da na 10 na wani bene kaɗan daga arewacin Soho. Mutum 146 suka rasa rayukansu, mafi yawansu 'yan mata 'yan ci-rani, Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai. Wata ƙofar fita a kulle take, wasu suka yi ta faɗowa ta taga. Ginin yana nan tsaye har yau a hannun Jami'ar Nuyok. Wannan ma tarihi ne, amma ba irinsa ake sawa cikin talla ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan masana'antu suka fara barin tsakiyar birni. Sababbin injuna sun fi son gini mai hawa ɗaya, manyan motoci kuma sun fi son fili, saboda haka aka koma bayan gari da jihohin kudu inda ƙasa da ƙwadago suka fi araha. Soho ta zama ta ƙananan 'yan kasuwa masu harkar tsummoki da kwali da takarda, gobara ta yawaita har aka laƙaba mata suna Eka Ɗari ta Jahannama. Robert Moses, wanda ya daɗe yana juya akalar manyan ayyukan birnin, ya so a keta unguwar da babbar hanya mai layi goma. Mutane suka tashi tsaye, a gabansu akwai marubuciya Jane Jacobs, wadda har aka kama ta a wani taron jin ra'ayin jama'a a 1968. Kafin wannan, a 1963, wani malamin tsara birane mai suna Chester Rapkin ya fitar da rahoto inda ya nuna cewa unguwar da ake kira kango tana ɗauke da ma'aikata fiye da 12,000, da yawansu baƙar fata da mutanen Fotoriko, waɗanda ba su da wata sana'a sai wannan. A 1969 aka yi watsi da shirin hanyar. Sai mai karatu ya riƙe wannan: tun farko wurin ba kufai ba ne, akwai masu ci daga cikinsa.

Ana cikin haka masu zane-zane da masu sassaƙa suka fara shiga benayen da aka bari. Talakawa ne, suna neman fili da haske a kuɗi kaɗan. Doka ba ta yarda a kwana a ginin masana'anta ba, don haka a ɓoye suke zama, su ne masu jawo ruwa da wuta da hannunsu, su ne masu toshe rufi da kashe ɓeraye. A 1968 mai sassaƙa Donald Judd ya sayi bene guda mai hawa biyar a titin Spring a kan dala 68,000. A 1971 hukumar birni ta halatta wa masu wannan sana'a da ta ba shaida su zauna su yi aiki a benayen. A 1973 kuma aka sa unguwar cikin wuraren tarihi da doka ta hana a rushe, gine-gine kimanin 500.

Daga nan labari ya sha bamban. Da aka tabbata ba za a rushe ba, kuma mujallu suka fara buga hotunan ɗakunan, sai masu hannu da shuni suka yi sha'awa. Lauyoyi da 'yan banki suka shigo, kuɗin haya ya tashi, sauran ƙananan masana'antu suka tattara, ma'aikatan da Rapkin ya ƙidaya suka watse ba wanda ya rubuta inda suka nufa. A 1982 jihar Nuyok ta yi doka ta musamman don kare masu haya a benayen sito daga kora, a shekarar ce kuma malama Sharon Zukin ta fitar da littafinta Loft Living, inda ta nuna yadda masu gidaje da 'yan jari suka yi amfani da sunan masu zane suka tada farashin unguwa. Cikin shekarun 1990 yawancin shagunan nuna zane suka ƙaura zuwa unguwar Chelsea. Yau ƙasan benayen Soho kantunan tufafi ne masu tsadar gaske, samansu kuwa ana sayar da hawa guda a kan miliyoyin daloli. Gidan Judd ya zama wurin ziyara tun 2013, sai da tikiti ake shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yayin bai tsaya a Nuyok ba. Biranen Amurka da yawa suna da tsofaffin sitoci a gefen kogi ko tashar jirgin ƙasa, duk suka bi sahu, gwamnati kuwa ta taimaka. Tun 1986 wanda ya gyara ginin tarihi da aka amince da shi, ya sa shi cikin harkar samun kuɗi, ana rage masa harajin tarayya da kashi 20 cikin ɗari na abin da ya kashe. A 1999 birnin Los Anjalis ya yi dokar da ta sauƙaƙa mayar da tsofaffin ofisoshi da masana'antun tsakiyar gari gidajen zama. Irin benen da yayanmu ya kwana a ciki, ta wannan hanya aka samo dubbansa.

Mataki na uku ya zo ne da intanet. A 2007 wasu samari biyu a San Faransisko, Brian Chesky da Joe Gebbia, kuɗin haya ya gagare su, ga kuma wani babban taro ya cika otal-otal na garin. Suka shimfiɗa katifun iska a ɗakinsu, suka saukar da baƙi uku a kan dala 80 kowane dare. Daga nan kamfanin Airbnb ya samo asali a 2008. A lura, farkon abin mai gida yana nan tare da baƙonsa, shi ke ba shi karin kumallo. Amma ba a daɗe ba masu jari suka gano cewa ba sai mai gida yana nan ba. Mutum ɗaya ko kamfani ɗaya yana iya kama gidaje goma ko hamsin, ya maƙala akwatin makulli a ƙofa, ya ɗauki masu shara, ya riƙa karɓar kuɗi daga wani gari.

Lissafin ba wuya gare shi ba, kowane ɗalibi zai iya yinsa a bayan littafi. Alal misali, mu ƙaddara gida ne da ake ba da hayarsa naira miliyan 3 a shekara. In mai shi ya kori mai haya ya riƙa saukar da baƙi a kan naira 60,000 kowane dare, dare 50 kacal sun ishe shi ya haɗa kuɗin shekara, abin da ya biyo baya, in an cire na shara da gyara, riba ce. Bugu da ƙari, baƙo ba ya kai ƙara kotun haya, ba ya roƙon a ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata. Wane mai gida ne zai ga wannan ya kau da kai? Shi ya sa ba mu ɗora laifi kan mugun halin wani ba. Tsari ne, kuma duk inda aka bar shi ba linzami, wuri ɗaya yake nufa.

Inda yake nufa kuwa ga shi. Gidan da ya koma masaukin baƙi ya fita daga hannun masu neman wurin zama, sauran gidaje kuma su ƙara tsada. Da mazauna suka ragu, mai kantin da ke sayar da burodi da sabulu da ƙusa ya rasa masu saye, ya rufe, a buɗe gidan abinci ko mashaya a wurinsa, domin abin da baƙo ke nema ke nan. Makarantar unguwa ta rasa yara. Wanda ya daure ya zauna, ga kiɗa har tsakar dare, ga ƙarar akwatuna masu taya da asuba, ga sabuwar fuska a matakala kowane kwana uku, ba wanda zai bar wa makulli ko ya aiki ɗansa wurinsa. Ga mai hutun mako guda, kusa da wuraren shaƙatawar dare abin talla ne. Ga ma'aikaciyar asibiti da za ta fita aiki ƙarfe shida, azaba ce. Mai dafa abincin da baƙo ke yabo, da mai wanke masa zanen gado, su kuwa sai su shiga mota tafiyar sa'a guda ko fiye kafin su kai inda ƙarfinsu ya iya kama ɗaki.

Kada a ce zato muke yi. Tsohon birnin Benis na Italiya yana da mazauna kusan 175,000 a 1951, amma a 2022 sun gaza 50,000. Dalilai da yawa ne suka kore su, har da ambaliya da rashin aikin yi, amma mayar da gidaje masaukin 'yan yawon buɗe ido yana daga cikin manya. A Basalona ta ƙasar Sifen, a watan Yuni 2024, magajin gari Jaume Collboni ya ba da sanarwar cewa lasisin gidajen saukar baƙi fiye da 10,000 ba za a sabunta su ba bayan Nuwamba 2028, yana mai cewa kuɗin haya ya tashi da kashi 68 cikin ɗari a shekara goma. A Nuyok kanta, daga 5 ga Satumba 2023 aka fara aiki da dokar da ta ce duk mai saukar da baƙo na ƙasa da kwana 30 sai ya yi rajista, sai yana zaune a gidan tare da baƙon, kuma baƙin kada su wuce biyu. Cikin ɗan lokaci tallace-tallacen irin wannan haya suka faɗo daga sama da 20,000 zuwa 'yan dubbai.

To, adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Za su ce da ba don kuɗin masu sha'awa ba, da benayen nan sun rushe ko an rushe su, gama gini ba ya tsayuwa da yabo, sai da mai biyan kuɗin rufi. Wannan gaskiya ne. Za su ce matafiyi ma mutum ne: mai iyali da ba zai iya kama ɗaki uku a otal ba, ko ɗan'uwanmu da ke son kicin don ya dafa abin da ya tabbata halal ne, ko ƙaramin ma'aikaci da kuɗin guzurinsa ba su taka kara sun karya ba. Wannan ma gaskiya ne. Za su ƙara da cewa bayan dokar 2023 kuɗin haya a Nuyok bai sauko ba, otal kuma sai ƙara tsada ya yi. Ba mu musa ba. Ƙarancin gidaje tsohuwar cuta ce, tushenta rashin gina isassu, hana hayar 'yan kwanaki kaɗai ba zai warkar da ita ba.

Amma a ganinmu waɗannan hujjoji ba su kai inda masu su ke so su kai ba. Ceton gini da korar mazauna abu biyu ne daban, ko da yake an saba haɗa su a buhu ɗaya. Waɗanda suka ceci Soho daga katafila mazauna ne da masu ƙananan sana'a, ba baƙin mako guda ba. Masu kuɗi sun zo ne bayan an gama faɗa. Haka kuma don magani bai warkar da cuta duka ba, ba a ce a bar zuba wa gyambo gishiri ba. Abin da baƙo ya biya kuɗi ya zo gani ma, watau unguwa mai rai da mutanenta, shi ne abin da yawan baƙi ke kashewa. Ranar da mazauni na ƙarshe ya fita, abin da ya rage bango ne da masu ɗaukar hoton juna.

A nan ne muke ganin muna da abin faɗa, domin saukar baƙo a biya ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, a gidan fatoma suke sauka. A zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi littafi a kanta a 1969, maigida shi ke saukar da mai shanu ko mai goro, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in bashi ya shiga, ya ci la'adarsa. Kasuwanci ne sosai, ba sadaka ba. Sai dai fatoma yana zaune a gidan. Ya san baƙonsa, maƙwabta sun san shi, in baƙo ya yi ɓarna akwai ƙofar da za a buga, akwai sarkin zango da za a kai wa ƙara. Baƙo yana ƙara wa unguwa albarka ba tare da ya tashi kowa ba. Mai karatu ya sake duba dokar Nuyok ta 2023, zai ga cewa bayan dogon kewaye sun dawo ne kan ƙa'idar fatoma: ba baƙo sai da mai gida.

Yanzu mu komo gida. Hayar 'yan kwanaki ta riga ta kafu a Legas, musamman Lekki da tsibirin Biktoriya, inda a watan Disamba gida ke yin wuyar samu, ta kuma kafu a Wuse da Maitama a Abuja, tana leƙowa sauran manyan garuruwanmu. Tsofaffin gine-gine kuwa muna da su jibge. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya tun 2002, Kakuri cike take da irinta. A Kano akwai rufaffun masana'antu a Bompai, da tsofaffin sitocin zamanin gyaɗa da fata. A cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da Birnin Damagaram akwai soraye masu azara da zanen bango waɗanda magina irin na da suka yi, magadansu kuma ba su da kuɗin yaɓe. Tsohon garin Agadas yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya tun 2013.

Haɗari biyu ne ke gabanmu. Na farko shi ne wanda muka riga muka sani, watau rushewa. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, aka sake gina wata. A Legas, gidan Ilojo Bar da aka gina a 1855, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an wayi gari a watan Satumba 2016 an baje shi. Na biyu shi ne wanda muka kwatanta a sama, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da aka fara jin daɗin an tsira daga na farko. Ranar da wani mai jari ya gane cewa baƙo zai biya kuɗi mai kauri don ya kwana a soro kusa da kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ranar ce magada za su fara jin cewa rabon gado ya fi zaman gandu, dukawa da marina da 'yan koli kuma su fara neman ɗaki a bayan gari. Mutanen Agadas suna da wani darasin da za su ƙara mana: baƙo raɓa ne. Da tawayen 2007 ya ɓarke, 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka dogara gare su kaɗai suka shiga wani hali. Mu ɗalibai ma ba baƙi ba ne ga wannan lissafi. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Samaru ko Ɗanbare ya san yadda mai gida ke yi in ya hango wanda ya fi ka kuɗi.

Abin da ya fi jan hankalinmu cikin labarin Soho shi ne, kowace kwana da aka sha, alƙalami ne ya sha ta. Soke hanya a 1969, halatta zama a 1971, hana rushewa a 1973, kare masu haya a 1982, taƙaita saukar baƙi a 2023, duk a ofis aka rubuta su, ma'aikata ne suka tsara takardun. Masu cewa kasuwa ce ke yin yadda ta ga dama ba su faɗi gaskiya duka ba. Ku yayyenmu da ke ma'aikatun filaye da tsara birane da hukumomin tarihi da al'adu, da mu da za mu iske ku gobe in Allah ya yarda, a kan teburinmu irin waɗannan fayiloli za su sauka. Saboda haka ga shawarwarinmu.

Na farko, a ƙidaya tsofaffin gine-ginen kowane gari a rubuta, tare da mutanen da ke ciki da sana'ar da suke yi, kamar yadda Rapkin ya yi. Wanda ba a ƙidaya shi ba, ba a sanin ranar da ya ɓace. Na biyu, duk dokar da za ta hana rushe gini ta zo tare da taimakon gyara ga masu shi da kariya ga masu haya a rana ɗaya, kada a jira shekara tara kamar yadda aka yi tsakanin 1973 da 1982. Na uku, in za a mayar da rufaffiyar masana'anta wurin zama, musamman in da filin gwamnati ko sassaucin haraji a ciki, a fara da masu bukata: ɗakunan kwanan ɗalibai, gidajen ƙananan ma'aikata, rumfunan teloli da maƙera. Na huɗu, a yi wa hayar 'yan kwanaki rajista da haraji kamar otal, a ƙayyade yawanta a kowace unguwa, a cikin tsohon gari kuma a tsaya kan ƙa'idar fatoma. Na biyar, gidan kiɗa da gidan kwana kowanne a san iyakarsa da lokacin da zai rage sauti.

Ga wanda tafiya ta kama shi kuwa, ba mu ce haramun ne ya kwana a benen sito ba. Mun ce dai ya yi tambaya kafin ya biya. Mai gidan yana zaune a wurin, ko kamfani ne mai gidaje hamsin? Yana da lambar rajistar hukumar garin? In babu, ban da cutar da maƙwabta, kai kanka kana iya isa da akwatinka ka tarar an soke masaukin. In ka sauka, ka tuna bayan bangon nan akwai mai barci. Ka sayi burodinka a kantin unguwa, ka gai da wanda ka haɗu da shi a matakala, ka kuma nemi sanin abin da ake yi a ɗakin kafin a sa masa gado.

Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya muhawara kan wannan batu, ta gayyato malaman sashen zanen gine-gine da na tsara birane da na tarihi, tare da masu unguwanni daga cikin gari, domin su ne za su fara gani a ƙofarsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yayanmu ya yi mana alkawari in an sake tura shi zai tambayo su wa suka tashi. Mu kuwa fatanmu shi ne, ranar da wani baƙo ya sauka a tsohon garinmu ya yi irin wannan tambaya, a nuna masa gidan da ke maƙwabtaka a ce, ga su nan, ba su je ko'ina ba. Allah ya sa mu ga haka.